Takardar da Malama Ta Cusa a Filo

Ɗalibai suna kiranta Malama Mayen Ƙarfe, saboda kullum akwai guntunsa a jakarta, in ta zaro makulli sai ya fito da allurai biyu ko uku a maƙale. Shekara ashirin da biyu tana koyar da fizis a sakandaren 'yan mata, a ɗakin gwaji mai famfo huɗu, ɗaya kawai ke kawo ruwa.

'Yar tela ce, ta uku cikin su shida. A jami'ar garinsu ta yi karatu, mota ɗaya ake shiga daga ƙofar gida. Duk shekara in lokacin cike fom na shiga jami'a ya zo, takan ba 'yan ajin ƙarshe labarin yadda wata babbar jami'a mai nisa ta ɗauke ta, ta ƙi zuwa don ta kula da Baba da ciwon ido ya kama. Wasu yaran har da ƙwalla.

Gaskiyar ita ce a lokacin Baba yana zura zare a allura ba tabarau. Shi ne ma ya ɗinka mata kayan tafiya kala uku tun sakamako bai fito ba. Da takardar ɗaukarta ta iso, ta tuna ba ta taɓa kwana a wani gida ba, ta hango kanta cikin 'yan manyan makarantu, sai ta tsorata. Ta cusa takardar a filo, ta ce ba a ɗauke ta ba. Baba ya ce Allah ya sa hakan ne alheri, ya koma kan keken ɗinkinsa. Ciwon idon sai bayan shekara shida ya zo, kuma har ya rasu bai sani ba. Yayarta ce ta tsinci takardar ranar da take sake audugar filon, ta riƙe bakinta.

Bana akwai wata yarinya a ajinta, 'yar direba, ana ce mata Sarkin Tambaya. Burinta ilimin taurari, kuma sai a waccan jami'ar mai nisa ake da na'urar hango su. Ta samu Malama a ofis da fom a hannu, ta ce jami'ar gida ta zaɓa.

"Irin naki zan yi, Malama. Mama na fama da ƙafa."

Malama ta san uwar, ta san tana da wasu 'ya'ya mata uku a gabanta, kuma da ƙafar take zuwa kasuwa kullum. Duk da haka ta sa wa yarinyar albarka. A darasi na gaba sau biyu tana kuskuren lissafi a allo, ɗalibai na gyara mata.

Da yamma ta biya gidan Yaya ta faɗa mata. Yaya ta ci gaba da yanka albasa.

"Kin yi wa mamaci ƙarya, ya tafi. Wannan kuwa da ranta."

Washegari Malama ta kira yarinyar ɗakin gwaji. Ta juya mata baya tana wanke kwalabe, ta ba ta labarin tun daga kayan tafiya har filo. Yarinyar ta tambaya me ya sa to ake ba su wancan labarin duk shekara. Malama ta ci gaba da cuɗa kwalbar da ta riga ta fita.

Bayan kwana uku yarinyar ta canza fom. Aka ɗauke ta, ta tafi, ba ta zo sallama ba, ba ta kuma faɗa wa kowa sirrin Malama ba.

Wata biyu bayan haka uwar ta tare Malama a kasuwa, ta riƙe mata hannu tana shelanta wa masu tumatir cewa ga wadda ta buɗe wa 'yarta ido, mace mai gaskiya. Malama ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da ƙyar ta zare hannunta, ta ce tana da baƙi a gida.