Rawanin Icce Na Mutumin Bosniya

Kafin yaƙin duniya na biyu ni saurayi ne mai ga-ruwa a Makka. Muna zaune a unguwar Tandabawi, ina kai ruwa gidajen alhazai da garwa biyu. Ina da ɗan karatu kaɗan da baki mai yawa, kuma a ganina babu wanda ya kai ni kishin addini.

A wani gida da nake kai ruwa aka sauke wani alhaji fari sol, idonsa kamar na mage. Tun ranar farko zuciyata ta ce Nasara ne ya yi shigar burtu. Ana gab da fita Arfa na same shi a soro yana sassaƙa wani guntun icce mai dogon jiki da kai zagayayye, yana shafa shi yana hawaye. Ban tambaye shi komai ba. Na ajiye garwa, na ruga na gaya wa askarawa cewa ga mai gunki a maƙwabtan Harami. Suka zo suka tasa shi gaba, ana cewa za a kore shi zuwa Jidda, aikin hajjinsa ya tashi ke nan. Ni kuwa ina biye ina hura hanci.

Allah ya kawo wani dattijo mai jin Turkanci ya yi tafinta. Mutumin ya ce shi Bushnaƙ ne, daga wani ɗan ƙauye a duwatsun Bosniya, kuma kakanninsa Musulmi ne tun zamanin Turkawa. Ya ce kogi ne a ƙasan garin, masallacinsu har hasumiyarsa na katako ne, in sanyi ya zo ƙanƙara takan rufe hanya sai kowa ya zauna da tumakinsa da busassun 'ya'yan itace. Maƙabartarsu tana jikin masallaci, kuma al'adarsu ce a kafa wa namiji dutse mai siffar rawani a kan kabarinsa. Tare da mahaifinsa suka taso aikin hajji, duk ƙauyen suka raka su har gadar kogin. Tsohon ya rasu a Jidda, aka binne shi ba alama. Shi ne yake sassaƙa irin naɗin rawanin uban tun bai manta ba, don masassaƙin garinsu ya kwaikwaya a dutse, mahaifiyarsa ta sami inda za ta tsaya ta yi addu'a.

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka sa shi ya karanta Yasin, ya karanta ta tiryan-tiryan, ya fi ni gyara baƙi. Suka sake shi, amma suka karya iccen a gabansa. Kwana na yi ina zullumin ko za a sake waiwayarsa, sai da na hango shi a Arfa sanye da harami, hannuwa sama, sannan na sauke ajiyar zuciya. Na matsa na miƙa masa ruwa. Ya gane ni sarai, ya karɓa ya sha, ya sa mini albarka.

Har yau ina gode wa Allah da bai bar bakina ya raba bawansa da Arfa ba. 'Yan'uwa, in kun ga baƙo da abin da ba ku sani ba, ku tambaya kafin ku ruga, don rashin sani ya fi dare duhu. Shi ya sami hajjinsa, ni na sami yafiya, amma rawanin ubansa bai isa ƙauyen nan ba, kuma ni ne sanadi.