Barcin da Na Je Yi Har Penang

Tafin jama'a ne ya farkar da ni, mawaƙan har sun sauka daga dandamali.

Lokacin muna ɗalibai a ƙasar waje, a unguwar Bukit Jalil. Kewar gida ta hana ni barci, sai CD ɗin wasu Turawa masu waƙa a sanyaye kamar mafarki ke lallashina. Da na ji za su zo wasa a garin Penang, na ja abokina Sadiƙ muka wuni a mota, ga ruwa ga cunkoso.

Waƙar farko kawai na ji.

Na ce, "Haba Sadiƙ, ka kasa tashina?"

Ya ce, "Tunda muka zo ƙasar nan ban ga ka yi barcin kirki ba sai yau."

Har yanzu ban san ko asara na yi ba. Ku me kuka gani?