Ɓawon Ƙwai a Bayan Ɗakin Inna Tabawa

Wallahi abin nan da idona na gan shi, a daminar 2004, lokacin ina aikin yi wa kaji allurar rigakafi a wani ƙauye kusa da Badaguishiri. Na sauka gidan wani Malam Idi mai kiwon tattabaru, na tarar gari ya ɗau zafi, wai ƙwai na ɓacewa daga tukwanen tattabarunsa, sai a tsinci ɓawon a nannaɗe, a bushe ƙayau, a bayan ɗakin maƙwabciyarsa Inna Tabawa, wata tsohuwa makauniya da ba ta da kowa. Aka ce mayya ce, maigari ya ba ta zuwa Juma'a ta bar garin.

Ni kuwa akwai ni da bin ƙwaƙƙwafi, ɓawon nan ya tsaya mini a rai. Ran Laraba da azahar na raɓe kusa da tukwanen, sai ga wani siririn maciji, kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba, yana goga jikinsa yana ƙara irin ta kububuwa. Na kira Malam Idi da maigari a hankali, muka zuba ido. Ya lashi ƙwai da harshe, ya wangame baki, kai jama'a, ya haɗiye shi ɗungurungum! Ya lanƙwasa wuya, ƙwan ya fashe a ciki, can ya amayo ɓawon. Uku ya sha, na huɗu ya lasa ya wuce, ya sulale ta bayan ɗakin tsohuwar.

Maigari ya ce, "Subhanallahi! Mun ɗauki alhakin baiwar Allah. Ta zamna abinta."

Na ruga in yi mata albishir, ina murna kamar uwata ce. Tana cikin ɗaki ƙofa a rufe, ban ko gama sallama ba ta ce, "Ɗana, ukku ya sha ko? Na huɗun ya ɓaci ne. Ka ce musu kak su kashe shi, ba shi da haure."

Na koma na fasa ƙwan nan na huɗu, wari ya buge ni. Ban gaya wa kowa ba, don shaidata ce ta bar ta a ɗakinta, kalma ɗaya kuma ta isa a kore ta. Har yau ban san yadda aka yi ta sani ba.

'Yan'uwa, kafin ku nuna mutum da yatsa ku bincika. In kuma kun ji abin da ya fi ƙarfin saninku, ku kama bakinku.