Rigar Rawa da Gidan Saurona

Bari in rage maka wahalar bincike: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Har yau in leda ta faɗa wuta, warin ya doki hancina, sai in tuna da ranar.

Lokacin muna Sa'alaba, wata unguwa a Jidda, gidan langa-langa da katako, zamanin da jaki ke jawo mana ruwa a tanki. Gwaggo, yayar Baba, wanki da guga take yi wa iyalin wani hawaja, wato Bature, ma'aikacin kamfanin jiragen ruwa. Baba ya daɗe a kwance da ciwon bayan da ya samo wajen dako, saboda haka da wankin nan ake ɗora tukunya a gidanmu. In ya tsaya, mun tsaya.

Wata rana, cikin zafin Jidda mai manne wa mutum riga a baya, Gwaggo ta kwance ƙullin wanki sai wani abu ya yi tsalle ya fito. Fari fat, zagayayye kamar faifai, raga bisa raga, ga rami a tsakiya. Kaka ta ce murfin abinci ne saboda ƙuda. Gwaggo ta ce, "To ramin fa, Inna? Ƙofar ƙudan ce?"

Ni kuwa na yi aji uku a madrasa, har sunan babban birnin Faransa na sani, don haka na gyara murya. Na ce siket ne ya sandare a akwati, guga kawai yake so ya kwanta. Ka lura, rabin maganata gaskiya ce. Ɗaya rabin ne ya ja mini.

Gwaggo ta ajiye shi gefe, ta ce sai ta tambaya, ta tafi sallar azahar. Dutsen guga na nan cike da garwashi. Na ce bari in nuna musu amfanin ilimi. Ina ɗora shi a kan siket ɗin na ji wani "cuuu", hayaƙi ya tashi. Da na ɗaga, ragar sama ta narke, ta bar rami daidai girman dutsen.

"Ya walad! Kai yaron nan, me ka yi?"

"Taimako, Gwaggo."

"Halas. Ka kashe mu."

Da la'asar sai ga direban hawaja. Wai rigar rawar 'yar gidan ce ta shiga wanki bisa kuskure, gobe za ta sa a bikin makarantarsu, kada a taɓa ta, a kai ta da safe.

Gwaggo ba ta doke ni ba. Ta tsaya tana bin ɗaki da ido, har idonta ya sauka kan gidan saurona. Ta sa almakashi. Ta yanko, ta tattare, ta ɗinke a madadin wadda ta ƙone, ta dama sitaci mai kauri kamar kunu ta shafa, ta shanya a kan babban tire. Sauron unguwa kuwa sun daɗe suna mini godiya.

Da safe ta tasa ni gaba har gidan. Ba ta ɓoye komai ba, ta nuna ragar, ta nuna ni. Matar hawaja ta juya rigar, ta shinshina. Sai ta kira 'yarta ta sa. Yarinyar ta ɗage a kan 'yan yatsun ƙafa ta juya, rigar ta tsaya cak, ba ta faɗi ba. Matar ta fashe da dariya.

Ni da ya kamata in yi shiru, sai na tambaya: me ya sa riga za ta ƙi sauka ƙasa? Da guntun Larabcinta matar ta ba mu labari. Wai rawar ana ce mata bale, a fadar sarakunansu ta fara, mata na jan riguna masu nauyi har ƙasa. Sai wata ta rage tata zuwa idon sawu, don a ga aikin da ƙafa ke yi. Daga baya aka koma farin mayafi marar nauyi zuwa ƙwauri, mai rawa ta zama kamar aljana cikin hazo, har fitilun gaban dandali sukan kama rigar wasu da wuta. Juyi na ƙaruwa, riga na hawa sama, har ta zama faifai. Sunanta kuwa, ka yi haƙuri, tutu. Ba ni na raɗa ba.

Ta ƙara da cewa yadin rigunan dā ba nailan ba ne, irin yadin gidan sauron nan ne da sitaci. Sannan ta miƙa wa Gwaggo ƙullin wankin mako.

Yau inji ke wanki, gidajen langa-langa sun zama benaye, jikata kuma takan nuna mini masu rawar a waya, in yi ta ƙare wa rigunansu kallo ina neman inda aka yi faci. Amma a ranar, muna tafe gida da ƙulli a kaina, kaina ya sake kumbura.

Na ce, "Kin ji ko, Gwaggo? Ashe ni na mayar da rigar yadda aka fara ta."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. "Madalla, ustaz. Gobe sai ka goge jallabiyarka, kai ma ka koma yadda aka fara ka."