Ranar da Na Kushe Miyar Kakata

A shekararmu ta ƙarshe a sashen kimiyyar harshe, malaminmu ya ce kowa ya je ya naɗo maganar mutane yadda take fitowa daga baki, ba kwalliya. Wanda bai kawo ba, ya maimaita shekara. Dariya na yi, don ina da kaka a Fagge wadda in ta buɗe baki, mai tallan magani ma kashe lasifikarsa yake ya saurara.

Na shiga Sabon Gari na sayo rikoda wurin wani Ibo mai kayan lantarki, wanda ya rantse mini ko sauro ya yi tari sai ta ɗauka. Na ajiye ta gaban tsohuwa, na danna.

Sai ta tashi ta yafo mayafin zuwa biki, ta zauna, ta yi gyaran murya.

"Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Ina gaida gwamnati."

"Hajiya, wace gwamnati kuma? Yi magana yadda kika saba."

"Ina kira ga matasa da su riƙe gaskiya."

Haka muka yi ta cinye kaset. Ta gaida likitoci, ta gaida direbobin jirgin ƙasa, har da waɗanda suka rasu kafin a haife ni. Malam ya saurara, ya ce shi ba labaran rediyo ya aike ni ba. Ga lokacin miƙa aiki ya ƙarato.

To, tsakanin jika da kaka akwai wasa. Ran nan ta yi tuwo da miyar kuka, na tura rikoda ƙarƙashin kwando, na kai loma, na yamutsa fuska.

"Amarya, gaskiya miyar agushin da nake sha a Sabon Gari ta fi wannan."

Ludayi ya tsaya a sama.

"Kai? Kai mai kunne kamar faifai? Da miyar nan na raini ubanka har ya yi gemu! Ji wuya kamar mariƙin lema. Tashi ka koma wurin masu agushin, su riƙa wanke maka wando!"

Kaset ya ƙare, ita ko rabi ba ta kai ba.

Da na nemi izininta in kai makaranta, ta ce ta yarda, amma sai an sa gaisuwar gwamnati a farko. Aka sa.

Ranar kare aiki malamai suka yi ta maido da kaset baya daidai wajen kunne kamar faifan nan, wai don nazari, suna satar kallon kunnena. Na ci da maki mai kyau. Amma har yau in na haɗu da ɗan ajinmu a kasuwar Kwari, kafin ya miƙo hannu sai ya fara duban gefen hulata.