Hawis Mai Wankan Gawa da San Mijinta

Hawis ba ta da tsawo, ba ta da kyau, ba ta kuma da yawan magana, amma duk wanda ya mutu a ƙauyenmu na Welsted cikin shekara ashirin da 'yan kai, ita ta rufe masa ido ta yi masa wanka. Mutane na ɗan shakkarta, don ba wanda yake sakin jiki da matar da ta ga tsiraicin iyayensa. Tana zaune a wata bukka a bakin gari, da kaji huɗu da tukunyar dafa giyar sha'ir. Da can ba haka take ba, matar mai gona ce.

Limamin cocinmu yakan ce Allah ya kasa mutane kashi uku: masu addu'a, masu yaƙi, da masu noma su ciyar da biyun farko. Hawis takan ce ya manta da na huɗu, masu kai tsegumi. Mu manoman ma ba ɗaya muke ba. Akwai ɗa, wanda in ya ga dama sai ya tattara ya bar gari. Akwai kuma bawan gandu, wanda yake ɗaure da ƙasar ubangida shi da zuriyarsa. Kwana uku a mako yana gonar ubangida, ba ya aurar da 'ya ko sa ɗa karatu sai da izini, in ya mutu kuma wakilin ubangida ya zo ya zaɓi dabbar da ta fi kyau a garkensa ya ja, limami ya ja mai bi mata. Osbert, mijin Hawis, bawan gandu ne, haka ubansa da kakansa.

Suna da jan sa mai farin goshi, da wata tsohuwar saniya, da alade ɗaya. San shi ne gidan gaba ɗaya, don garmar ƙauye shanu takwas ke janta, kuma wanda bai ba da sa ba, ba a huɗa masa gona. To da zazzaɓi ya kwantar da Osbert bayan girbi, aka ga ba tashi zai yi ba, sai Hawis ta yi abin da kowa yake yi. Ta ja san ta kai shi garken maƙwabci, a ce nasa ne, wakili ya zo ya tarar da tsohuwar saniya ya ɗauka, limami ya haƙura da alade. A irin wannan rana duk ƙauyen makancewa yake yi. Ba wanda ya taɓa ganin komai.

Maƙwabcin nan shi ne Hamond, abokin Osbert tun suna kiwon agwagi, shi ne ma ya tsaya wa 'yarsu Idoni a matsayin uba ranar baftisma. Ya karɓi igiyar da hannu biyu, ya ce ta kwantar da hankalinta. Kwana biyu bayan an binne Osbert, wakili ya zo, ko kallon garken Hawis bai yi ba, ya miƙe kai tsaye gidan Hamond ya fito da jan sa. Limami ya biyo baya ya ja saniyar. Hawis na tsaye a ƙofa, Idoni 'yar shekara biyar na riƙe da rigarta, Hamond kuwa yana can yana gyaran shinge kamar kurma.

Shi ya kai wa wakili tsegumin, dalilinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Gonar Osbert tana jikin tasa, ta gangara har bakin rafi, kuma gwauruwar da ta kasa huɗa da aikin ubangida ƙwace mata gona ake yi. Kafin bazara an ba Hamond gonar. Hawis ta koma bukkar bakin gari, suka ci wake har ya ƙare, suka koma dafa 'ya'yan itace da ake zuba wa aladu. Idoni ba ta ga ƙarshen hunturun ba. Ita ce gawa ta farko da Hawis ta wanke, ita kaɗai, da ruwan da ta fasa ƙanƙara ta ɗebo. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta je ta zagi kowa ba. Ta tsani Hamond ƙiyayyar da ba ta taɓa hucewa, ta ajiye abin a ranta tana jira.

Shekara shida bayan haka babbar annoba ta zo. Ta kwashe fiye da rabin ƙauyen, ta ɗauki limami da wakili da ubangidan kansa, ɗakin da ake ajiye takardun gandu kuma ya yi shekaru rufinsa na yoyo har takardun suka ruɓe. Hawis ta yi wanka har hannuwanta suka tsage, kullum tana sa ran a kira ta gidan Hamond. Ba a kira ta ba. Mutuwa ta bi gida gida ta tsallake nasa, kuma wannan ya fi komai ɓata mata rai da Allah.

Gonaki suka zama ba masu su, Hamond ya yi ta haɗawa. Ya sa tumaki, ya gina gida mai ɗaki biyu da bututun hayaƙi, ya fara cin farin burodi. Ya ɗinka doguwar riga shuɗiya da hula mai bakin fatar zomo, ya rataya wuƙa mai kan azurfa, yana tafiya yana tura ciki gaba kamar barde ya sauko daga doki. Ya fara cewa shi ɗa ne, ubansa ma ɗa ne daga arewa ya zo. Ba wanda ya musa, don bayan annoba kowa ya ɗan gyara asalinsa, kuma in ka tona na wani za a tona naka. Ya tura ɗansa Elis birni karatu ba tare da izinin kowa ba, har ya zama saura kaɗan a naɗa shi limami.

Sai magajin gandu ya girma, ya ga gonarsa ba masu noma ta, ya turo sabon wakili ya binciko masa wa ke ɗa wa ke bawa. Takardu babu, don haka aka ce za a tambayi tsofaffi a zaman shari'a na idin Mika'ilu, bikin coci na bayan girbi. A al'ada ba a tambayar mace irin wannan, amma annoba ba ta bar tsoho namiji mai cikakken hankali ba. Hawis kaɗai ta rage da ta san iyayen kowa. In ta ce Hamond ɗa ne, ya tsira har jikoki. In ta ce bawa ne, zai koma gonar ubangida da lauje, Elis kuma a dawo da shi daga birni, don ba a naɗa ɗan bawa limami sai ubangida ya yarda.

Ana saura mako guda a yi zaman, da hantsi, sai ga Hamond a ƙofar bukkarta yana janye da sa. Ja ne, har da farin goshi, ya sha wahala kafin ya samo shi. Shekara ashirin da ɗaya bai taka ƙofarta ba.

"Uwar Idoni, an tashi lafiya?"

Hawis na tace giya, ba ta ɗago ba. "Kada ka ƙara kirana da sunan nan. Bakinka bai dace da shi ba."

Ya yi ta kame-kame. Ya ce a lokacin yarinta ce ta ɗebe shi, ya ce wakili ne ya matsa masa, ya ce Elis bai san hawa ba bai san sauka ba, kuma in ya zama limami zai riƙa yi wa Osbert da Idoni addu'a kowace Lahadi. Ta bar shi ya gama. Ta fito ta zagaya san, ta buɗe bakinsa ta duba haƙora, ta shafa gadon bayansa.

"Ba laifi," ta ce. "Ɗaure shi can jikin itacen."

Hamond ya koma gida yana fito, ya gaya wa matarsa tsohuwar ta sauko.

Ranar zaman an taru a babban rumbun ubangida. Wakili na kan benci, magatakarda na gefensa da alƙalami. Aka riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ana tambayar Hawis. Wannan ta ce ba ta tuna ubansa. Wancan ta ce idonta ya yi rauni tun tuni. Ta makance wa ƙauyen gaba ɗaya kamar yadda aka saba, har wakili ya fara tsaki. Sannan aka kira Hamond, ya fito da shuɗiyar rigarsa yana murmushi.

Wakili ya ce, "Tsohuwa, wannan fa? Ko shi ma kin manta?"

"A'a, ranka ya daɗe, wannan na san shi sarai. Ubansa Wimund, bawan gandu ne. Ina amarya ya mutu, aka zo aka ja saniyarsa baƙa mai karyayyen ƙaho. Wannan da kake gani da hular zomo shi ya bi ta har bakin gada yana kuka da majina. Shi da mijina tare suke girbin ubangida kwana uku a mako, kafaɗa da kafaɗa. A ce ya cire riga a duba kafaɗarsa ta hagu, tabon laujen mijina yana nan."

Hamond ya ce ƙarya take, tsufa ya taɓa ta, ai ko kwanan nan sai da ya ba ta sa don tausayi. Wakili ya tambaye shi me ya sa ɗa zai ba mai wankan gawa sa guda ana saura mako a yi zama. Aka sa ya cire rigar, tabon yana nan fari fat.

Wakilin ba wawa ba ne. Ya dubi Hawis ya ce ta sani fa, da bakinta ta shaida mijinta bawa ne, ita ma haka za a rubuta ta, alhali da ta yi shiru da ta mutu 'ya kamar sauran.

"A rubuta, ranka ya daɗe," ta ce. "Wa zan bar wa 'yancin? Wadda zan bar wa tana binne a bayan coci tun tana shekara biyar."

Kafin sanyi ya shigo an dawo da Elis. Hawis ta gan shi a gonar ubangida yana watsa taki, hannuwansa masu laushi duk sun yi kanta, ubansa na gefensa da tsohuwar riga ta gashin tumaki. Wasu mata sun ce mata saurayin ba shi ya yi mata laifi ba. Ta ce ta sani, Idoni ma ba ta yi wa kowa laifi ba. Ba ta ji tausayi ba, ba ta kuma yi kamar ta ji ba. Daga nan mutane suka rage sayen giyarta, amma in an yi mutuwa dole ita ake kira.

San kuwa ba ta taɓa sa shi a garma ba. Ta yi ta ciyar da shi har ya yi ƙiba yana sheƙi, kowace safiya ta ja shi ta bi ta gefen gonar ubangida a hankali, daidai inda Hamond yake duƙe. Da ta kwanta ciwon ajali bayan shekara uku, wata maƙwabciya ta zo ta ce bari ta kai san garkensu kafin wakili ya ji labari. Hawis ta hana. Ta ce a bar shi a ƙofa inda kowa zai gani, kuma a roƙi wakili alfarma ɗaya, in ya tashi aiko bawan da zai ja san zuwa gidan ubangida, ya aiko Hamond.

Shi ɗin aka aiko.