Robobi Uku a Gwangwanin Shayi

Shekarun baya, tun kafin yaƙin nan ya tarwatsa jama'a, ni ne mai gyaran injinan jirage a mashigin masunta da ke kudu da Kalakla, a gaɓar Farin Nilu. Usta ake kirana, wato gwanin sana'a, Hausawa da Larabawa baki ɗaya, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin sunan. Tun daga nesa nakan saurari kukan inji in faɗi ciwonsa kafin mai shi ya ɗaure jirgi. Ba ni da gona, ba ni da jirgi. Sunan nan shi ne dukan abin da na mallaka, da shi nake ciyar da iyalina a Dar Salam, can bayan Omdurman.

Yayana shi ya gaji gidan mahaifinmu a Kalakla, da jirginsa da tarunsa. Wata shekara ya sayi tsohon inji na hannu, irin wanda ake rataya wa jirgi a baya. Fentinsa ya koɗe, amma ƙarfe ne na gaskiya. Irin wannan inji da ruwan kogi yake sanyaya jikinsa. Yana zuƙarsa ta wasu ƙananan ramuka a ƙafarsa, wata roba mai fikafikai ta tura ruwan sama ya zagaya kan inji, sa'annan ya fito ta gefe siriri. Masunta fitsarin inji suke ce masa. Muddin yana fitsari, to, lafiya lau.

Ran nan da hantsi, lokacin cikar kogi, sai ga yayana yana tuƙo jirgi da filafili, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ce fitsari ya ɗauke, ƙarfi ya ragu, sa'annan inji ya mutu a tsakiyar ruwa. Na cire murfi, na tarar fentin kan injin ya yi bororo don zafi. Na bi aikin daki-daki, yadda na saba. Na duba ramukan ƙafa ko leda ta toshe su, babu. Na zura siririyar waya ta mafitar ruwa, a buɗe take. Na ciro ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan zafi ya kai, na jefa shi a kofin ruwan zafi na mai shayin mashigi, tana ta mitar na ɓata mata kofi. Ya buɗe sarai. Da na sauke ƙafar injin sai ga roba, fikafikai biyu sun gutsure. Na bi bututu na zaƙulo gutsattsarin, gama wanda ya bar su a ciki bai yi gyara ba. Ban ko tsaya duban robar da kyau ba, na jefa ta a akwatin kayan aiki, na sa sabuwa, na ce wa jama'ar da ta kewaye ni, “Yashin cikar kogi ne.” Aka gyaɗa kai. Usta ya yi magana.

Ba a yi mako uku ba yayana ya sake dawowa da filafili. A wannan karo mai sayar da kayan gyara na kasuwar Omdurman na ɗora wa laifi. Na tafi har shagonsa na yi masa tatas a gaban mutane, na ce jabu ya sayar mini. Bawan Allah ya yi ta rantsuwa. Har yau ina jin kunyarsa.

Karo na uku ya fi muni. Injin ya mutu nesa da gaɓa, iska ta hana yayana isowa da wuri, kifin yini guda ya lalace a rana. Da ya iso, mashigi cike da masunta da matan da ke sarin kifi, sai ya kwance injin ya ajiye a gabana, ya juya ga jama'a.

“Ku ne kuke ce masa Usta,” in ji shi. “Ni da na goya shi na san iyakarsa. Sau uku! Ko jakin da ke jan karo aka nuna wa aiki sau uku ya gane.”

Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi. Na sunkuyar da kai na ce, “Ka yi haƙuri, Yaya.” Mu a gidanmu ƙane ba ya mayar wa wansa magana a bainar jama'a, ko da furfura ta cika masa gemu, kuma a lokacin tawa ta fara. Cikin makon nan na ga injina biyu da na saba gyarawa an ɗora su a karo, wato amalanken jaki, an nufi wani wuri da su.

Sai a sa'annan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Da na ciro ta ukun na sa sabuwa, sai na jera robobin nan uku a kan tabarma na zuba musu ido. Yashi yakan cinye roba ne sannu a hankali, ya sirantar da ita, ya bar zane a jikin kofin da take juyawa a ciki. Waɗannan kuwa bakinsu ya yi sheƙi, ya narke ya liƙe, suna ƙauri. Wannan ba aikin yashi ba ne. Ana tayar da injin nan babu ruwa. Amma a ina? A mashigi ƙafarsa na cikin kogi, da idona nake gani.

Ranar Juma'a na tafi Kalakla gaisuwa. Yayana bai dawo daga masallaci ba, matarsa ta kawo mini kofi.

“Kai, mijina na banza,” ta ce, gama akwai wasa tsakaninmu, “yaushe za ka raba ni da makanar jirgin nan? Kullum bayan sallar asuba sai ya tayar da ita a tsakar gida, kajina har sun daina ƙwai.”

Na ajiye kofin. “A tsakar gida? A kan me?”

“A kan katakon Baba mana. Yadda marigayi yake yi.”

Nan take na tuna. Mahaifinmu yana da tsohon injin ban-ruwa da ya haɗa wa dogon ƙarfe da farfela, yana tuƙa jirgi da shi. Kowace yamma a kawo shi gida don gudun ɓarayi, kowace safiya ya ɗora shi a katako, ya yi bisimilla, ya tayar da shi, ya karkata kunne ya saurara kafin a ɗora a karo. Da wannan ƙara muka girma. Sai dai injin Baba iska ke sanyaya shi, ba ya bukatar ko ɗigon ruwa. Yayana ya gaji katakon da al'adar, ya ɗora musu injin da ba ya jure ko minti ɗaya a tudu.

Na jira muka keɓe a ɗakin baƙi, na tausasa murya iyakar iyawata, na bayyana masa.

Ya dube ni ya ce, “Wato Baba bai san abin da yake yi ba.”

“Ba haka ba ne, Yaya. Injin ne ba iri ɗaya ba.”

“Hannunka ya gaza, shi ne za ka tono mamaci ka jingina masa? Tashi ka tafi.”

Washegari ya kai injin wani gareji a Omdurman. Mai karon da ya kai shi ne ya ba ni labari daga baya. Makanikin, baƙo ne da bai san mu ba, ya dubi kofin robar sau ɗaya ya ce, “Ya Hajji, a tudu kake tayar da ita?” Yayana ya yi dariya ya ce lalle an zo wurin masana. Aka sa sabuwar roba, irin wadda na sa sau uku, aka canja shimfiɗar da ke ƙarƙashin kan injin, wadda zafi ya ƙona.

Da na je gaisuwar Sallah, sai na ga ganga cike da ruwa a tsakar gida kusa da katakon Baba, ƙafar injin a tsome a ciki. Na dubi gangar, yayana ya ga na duba. Ya tambaye ni lafiyar yara.

Injin nan ya yi shekaru bai sake zafi ba. A mashigi kuwa magana ta zauna cewa abin da ya gagari Usta, na Omdurman ya gyara shi a yini guda. Aiki ya ragu, har na koma gyaran famfunan gonaki a Soba. Da na so, da na baza robobin nan a gaban mai shayi na faɗi gaskiya, amma da na zama ƙanen da ya tona asirin wansa. Jimla ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ni. Na jira ta shekara da shekaru. Ni na sa shi a kabari da hannuna, bai faɗe ta ba.

Na san rabona na laifi. Da girman kai bai hana ni duban robar farko ba, da ba a kai ga ta uku ba. Ku masu sana'a, kada ku jefar da abin da ya lalace sai kun tambaye shi me ya kashe shi. Amma ba wannan ke ci mini rai ba. Abin da ke ci mini rai shi ne ya karɓi maganata daga bakin baƙo da dariya, ni kuwa ya kore ni da ita daga gidan ubanmu.

Na yafe masa, ina yi masa addu'a kowace sallah. Mutanen mashigin nan yau sun watse, wasu sun rasu, babu sauran wanda zan wanke kaina a gabansa. Ranar da muka bar Dar Salam da abin da hannu zai iya ɗauka, matata ta ga na cusa wani gwangwanin shayi a jaka, ta ce me ke ciki. Na ce shaiduna ne. Ta buɗe ta ga robobi uku ƙonannu, ta rufe, ta mayar da shi cikin jaka.